Yadda Baitulmalin Ingila Ya Yi Tsimi a Shekarun Tsanani, 1931 zuwa 1937

Jama'a, kowane littafin kuɗi shafi biyu gare shi, na shiga da na fita. Duk wanda ya taɓa zama gaban irin wannan littafi ya san tashin hankalin da ke samun ma'aji ran da na fita ya rinjayi na shiga. Hanyoyin da ke gabansa a ran nan uku ne: ko ya ƙara haraji, ko ya rage abin da a ke kashewa, ko ya ci bashi. Abin da za a ba da labarinsa yau shi ne yadda Gwamnatin Ingila ta faɗa cikin wannan hali a shekarar 1931, ta ƙi cin bashi, ta kama hanyoyin nan biyu na farko, da abin da ya biyo baya. Masana ba su daina gardama a kan al'amarin ba, saboda haka za a jera shaidu kamar yadda a ke yi gaban alƙali, a ji bakin kowa.

Asalin ciwon tun daga Yaƙin Duniya na Farko ne. Ingila ta fito daga yaƙin nan da bashin da ya wuce fam miliyan 7,000 a kanta, kuɗin ruwansa da biyansa su na cinye fiye da sulusin dukan abin da Gwamnati ke kashewa kowace shekara. A 1925 kuma Mista Churchill, wanda shi ne Ma'ajin Ingila a lokacin, ya sake ɗaure fam da zinariya bisa tsohon farashi na kafin yaƙi, watau fam guda dala 4 da santi 86 na Amurka. Ma'anar ɗaurin nan ita ce Bankin Ingila ya ɗauki alkawarin ba da zinariya ga mai takardun fam in ya nema. Abin ya ƙara wa fam martaba, amma ya sa kayan Ingila su ka yi tsada ga masu saye na ƙasashen waje, gawayin kwal da tufafin auduga da jiragen ruwa su ka rasa kasuwa, har ya zamana yawan marasa aiki da ƙyar ya ke sauka ƙasa da miliyan guda. A na cikin haka kasuwar hannun jari ta Amurka ta karye a watan Oktoba na 1929, cinikin duniya ya tsaya. Kafin ƙarshen 1930 marasa aiki a Ingila sun kai miliyan 2 da rabi.

Akwai wani asusu da a ka kafa domin marasa aiki. Kowane mako ma'aikaci ya kan zuba wani abu, maigidansa ya zuba, Gwamnati ta zuba, in mutum ya rasa aiki a riƙa ba shi na abinci. Da masu karɓa su ka yi yawa, masu zubawa su ka ragu, sai asusun ya shiga ranto daga Baitulmali, har bashinsa ya haura fam miliyan 100. Haraji kuwa ya na ta raguwa, don ciniki ya mutu.

Jam'iyyar Leba, watau ta ma'aikata, ita ke riƙe da mulki tun 1929. Babban Waziri shi ne Ramsay MacDonald, Ma'aji kuwa Philip Snowden. Shi Snowden ɗan masaƙi ne, daga wani ƙauye na ƙasar Yokshaya, ya yi aikin malamin haraji tun ya na saurayi, sa'an nan wata cuta ta taɓa masa ƙashin baya, ya zama sai da sanda ya ke tafiya. Mutum ne mai kaifin harshe, ba ya shan giya, kuma ya ɗauki cin bashi domin hidimar yau da kullum abin kunya ne ga gwamnati, kamar yadda ya ke abin kunya ga magidanci. Ko da ya ke talakawa ne su ka zaɓe shi, a wajen riƙon kuɗi ya fi attajirai tsanani.

A farkon 1931 a ka naɗa kwamiti a ƙarƙashin Sir George May, wani tsohon babban ma'aikacin kamfanin inshora, ya duba inda za a yi tsimi. Ya fito da rahotonsa a ƙarshen watan Yuli, ya ce giɓin kiyasi zai kai fam miliyan 120, ya ba da shawara a rage kashe kuɗi da miliyan 96, kashi biyu cikin uku na ragin nan daga wajen marasa aiki, har a yanke musu kashi 20 cikin 100 na abin da a ke ba su. Rahoton ya fito a mugun lokaci. Wani babban banki na Ostiriya ya riga ya karye a watan Mayu, bankunan Jamus sun rufe ƙofa a Yuli, kuɗin da bankunan Landan su ka ba su rance ya maƙale. Da baƙi masu ajiya a Landan su ka karanta cewa Gwamnatin Ingila ita ma ba ta iya daidaita littafinta ba, sai kowa ya rugo ya na neman zinariyarsa. Bankin Ingila ya ranto fam miliyan 50 daga Amurka da Faransa, cikin 'yan makonni ya ƙare. Da a ka nemi ƙari, masu bankin Amurka su ka nuna sai sun ga tsarin tsimi wanda Majalisa za ta amince da shi.

Ran 23 ga Agusta ministoci su ka zauna a kan maganar rage ushirin kuɗin marasa aiki, abin da zai sama wa Baitulmali fam miliyan 12 da 'yan kai. Mutum 11 su ka yarda, 9 su ka ƙi. Gwamnatin da ta rabu haka ba ta iya ci gaba, kashegari ta sauka. Sarki Joji na Biyar ya roƙi MacDonald ya zauna ya haɗa gwamnatin gamayya da abokan hamayyarsa, ya yarda, Snowden ya bi shi, jam'iyyarsu kuwa ta kore su duka biyu.

Ran 10 ga Satumba Snowden ya kawo sabon kiyasi gaban Majalisa. Ya ce giɓin ma ya fi yadda a ka faɗa, zai kai miliyan 170 a cikakkiyar shekara. Ya ƙara harajin samu daga sule 4 da sisi zuwa sule 5 cikin kowane fam, ya ƙara na giya da taba da man fetur, ya rage kashe kuɗi da miliyan 70, ya hana asusun marasa aiki sake ranto. Namiji baligi marar aiki wanda dā a ke ba shi sule 17 a mako ya koma sule 15 da taro. Malaman makaranta a ka ce za a yanke musu kashi 15 cikin 100. Sarki da kansa ya ce a rage fam 50,000 daga abin da a ke ba gidansa. Manyan alƙalai masu fam 5,000 a shekara a ka cire musu humusi, su ka rubuta takardar kuka zuwa ga Waziri, su ka ce alƙali ba baran Gwamnati ba ne da za ta taɓa albashinsa yadda ta ga dama, don wanda ke iya rage maka abinci ya na iya juya maka hukunci. Hujjarsu ta na da ƙarfi, sai dai mutanen gari ba su ji tausayin mai fam 4,000 ba.

To, a nan ne a ka yi kuskuren da ya kamata kowane mai rubuta takardar albashi ya riƙe. Sojan ruwa na Ingila albashi iri biyu gare su: waɗanda su ka shiga kafin 1925 su na kan tsohon tsari mai ɗan kauri, na baya su na kan sabo. Hukumar jiragen yaƙi ta ga hanya mafi sauƙi ita ce a mai da kowa kan sabon tsari, watau a cire wa tsofaffin hannu sule guda a kowace rana. A takarda abin ya yi kama da adalci, sule guda ne ga kowa. Amma ƙaramin sojan da ke karɓar sule 4 a rana ya koma sule 3, rubu'in abincinsa ke nan ya tafi, alhali manyan hafsoshi abin da a ka rage musu bai kai ushiri ba. Yawancin mutanen nan magidanta ne, su na da kuɗin haya a kansu, da kayan ɗaki da su ka ɗauka bashi su na biya kaɗan kaɗan. Wani abin da ya daɗa ɓata al'amarin, da yawa daga cikinsu a jarida su ka fara ganin labarin, kafin shugabanninsu su tara su su yi musu bayani.

Rundunar jiragen ta na tsaye a Invergordon, wata tashar ruwa a arewacin Sikotilan. Da safiyar 15 ga Satumba a ka ba da umurni a fita teku yin atisaye, sai mutanen manyan jirage, irin su Rodney da Hood da Valiant da Nelson, su ka ƙi ɗaga anga. Ba su taɓa hafsa ko guda ba, ba su fasa kome ba, su na yin aikin tsabta da na gadi, amma jirgi ba ya motsi. Kwana biyu a na haka, a ka umurci jiragen su koma tashoshinsu na gida bisa alkawarin za a duba kukansu. Ran 21 ga wata Gwamnati ta ba da sanarwa cewa soja da 'yan sanda da malaman makaranta ba wanda za a rage wa fiye da ushiri. Daga baya a ka sallami waɗansu da a ka ce su ne kan gaba.

Labari ya bazu duniya cewa mayaƙan ruwan Ingila sun yi bore. Masu ajiya su ka sake rugowa, fam miliyan 80 da sabuwar Gwamnati ta ranto daga Amurka da Faransa ya narke kamar kitse a wuta. A ran nan ta 21 ga Satumba a ka kwance fam daga zinariya. Dubi abin mamaki: an rushe gwamnati, an ƙara haraji, an rage albashi, duk domin a tsare ɗaurin nan, ga shi bai yi wata guda ba ya tsinke. An tsorata mutane cewa in haka ta faru kuɗi zai zama takardar banza, kamar yadda ya faru a Jamus a 1923. Ba abin da ya faru mai kama da haka. Fam ya faɗi zuwa ƙasa da dala 3 da rabi kafin ƙarshen shekara, farashin abinci a kasuwa bai tashi ba, don kayan gona sun yi arha a duniya duka. Kuɗin Afirka ta Yamma da a ke kashewa a Nijeriya a zamanin nan a ɗaure ya ke da fam na Ingila, saboda haka shi ma a ran nan ya rabu da zinariya, ko da ya ke mai sayar da gyaɗa a Kano ba a shawarce shi ba.

A ka yi zaɓe a watan Oktoba, Gwamnatin gamayya ta ci kujeru fiye da 550 cikin 615. Neville Chamberlain ya karɓi Baitulmali a Nuwamba. Shi ɗan kasuwa ne na birnin Bamingam, wanda tun ya na saurayi ya yi shekaru a wani tsibiri na Bahamas ya na noman wata irin rama, a ka yi hasarar fam 50,000 na mahaifinsa. Wanda ya taɓa ƙonewa haka ba ya wasa da lissafi. Bai sassauta kome daga tsarin Snowden ba a kiyasin 1932 da na 1933. Abin da ya ƙara shi ne kuɗin kwastan na ushiri a kan yawancin kayan da ke shigowa daga ƙasashen da ba na daular Ingila ba, tun daga Maris na 1932. Snowden, wanda ya tsani kuɗin kwastan kamar yadda ya tsani bashi, ya bar Gwamnati a watan Satumba na shekarar.

Babban aikin Chamberlain a wajen tsohon bashi ya yi shi. Muddin fam na ɗaure da zinariya, tilas Bankin Ingila ya riƙa tsawwala kuɗin ruwa don ya jawo masu ajiya. Da a ka kwance, tilas ɗin nan ta kau, a ka yi ta sassautawa daga kashi 6 cikin 100 har ya sauka kashi 2 a ƙarshen Yuni na 1932, ya zauna nan har 1939. Akwai wani rancen yaƙi da Gwamnati ta karɓa daga hannun jama'arta a 1917, ya haura fam miliyan 2,000, ta na biyan ruwan kashi 5, masu riƙe da takardunsa wajen mutum miliyan 3. Sharaɗin rancen ya ba Gwamnati ikon biya tun daga 1929. Sai Ma'aji ya ce wa masu bin bashin su zaɓa: ko su karɓi kuɗinsu, ko su yarda da ruwan kashi 3 da rabi, wanda ya yarda da wuri kuma a ba shi tukwicin fam guda a kan kowane fam 100. Da rabinsu sun ce a ba su kuɗinsu, da Baitulmali ya kunyata, don ba shi da su. Amma fiye da kashi 90 cikin 100 na rancen a ka juya. Ribar Gwamnati wajen fam miliyan 30 a shekara, in an cire harajin da ta kan karɓa a kan ruwan saura wajen miliyan 23. A gwada wannan da miliyan 12 da a ka tatsa daga marasa aiki, wanda ya kayar da gwamnati. Tsimin da ya fi kauri daga aljihun masu hali ya fito, ba a yi bore ba, ba wanda ya kwana da yunwa. Ragowar rancen nan sai a watan Maris na 2015 Gwamnatin Ingila ta biya shi.

Da ruwa ya yi sauƙi, kamfanonin ba da rancen gina gida su ka sassauta nasu, malamin ofis da ƙwararren ma'aikaci su ka iya sayen gida su na biya wata wata. Daga 1934 zuwa 1938 kowace shekara a na gina gidaje fiye da 300,000, yawancinsu da kuɗin mutane, ba na Gwamnati ba. Kowane sabon gida ya na bukatar tubali da katako da fenti da wayar lantarki, masana'antun motoci da na kayan lantarki su ka bunƙasa a kudu da tsakiyar ƙasa. Marasa aiki, waɗanda su ka kusa miliyan 3 a Janairu na 1933, su ka ragu zuwa wajen miliyan 1 da rabi a 1937. A watan Afrilu na 1934 Chamberlain ya shaida wa Majalisa an sami rarar fam miliyan 31. Ya mayar wa marasa aiki ushirinsu duka, ya mayar da rabin abin da a ka yanke na albashi, ya sauko da harajin samu zuwa sule 4 da sisi. Sauran rabin albashin ya mayar a 1935. Wannan abin a yaba ne, don ba kowane ma'aji ba ne ke tuna cewa abin da ya karɓa ran wuya amana ce.

Yanzu sai a auna. Masu goyon bayan tsimi sun ce ba domin an daidaita littafi ba, da faɗuwar fam ta zama rushewa, da masu bin bashi ba su yarda da kashi 3 da rabi ba, don mutum ba ya sassauta wa wanda ya ke shakkar zai biya. Wannan magana gaskiya ce, da wuya a ture ta. Amma John Maynard Keynes, masanin tattalin arziki na Kambirij, ya yi ta faɗa tun a lokacin cewa gwamnati ba magidanci ba ce: sulen da a ka hana malamin makaranta, shi ne sulen da mai kanti bai samu ba, shi ne kuma harajin da Baitulmali bai karɓa ba. Shaidar da ta fi nauyi daga maƙwabta ta zo. Jamus a ƙarƙashin Brüning ta ƙara haraji, ta rage albashi fiye da Ingila, amma ta ƙi rage darajar kuɗinta, marasa aikinta su ka haura miliyan 6 a farkon 1932, shekara guda bayan haka Hitila ya hau mulki. Faransa ta riƙe zinariya har 1936, a 1935 Laval ya yanke ushirin abin da Gwamnati ke kashewa, ciniki bai farfaɗo ba. Tsimi ɗaya ne a ƙasashen nan uku, abin da ya raba su shi ne Ingila ta sami kuɗi mai sauƙin ruwa, su ba su samu ba. Abin da shaidu su ka nuna ke nan: tsimi ya share fili, amma ruwan da ya tsirar da shuka daga kwance zinariya ya zo, abin da Gwamnati ta yi iyakar ƙoƙarinta ta hana.

Akwai kuma abu biyu da masu yabon kiyasin nan ba su cika son a ambata ba. Snowden ya rage abin da a ke zubawa kowace shekara a asusun biyan tsohon bashi, watau wani ɓangare na daidaiton nan jinkirta biya ne. Sa'an nan bashin yaƙi da Amurka ke bin Ingila, an biya cikakke a Disamba na 1932, a 1933 a ka ba da ɗan abin shaida, daga 1934 a ka daina biya ɗungum. Bashi hanji ne, ya na cikin kowa, har da mai wa'azin tsimi.

Farfaɗowar ma ba ta game ƙasa ba. Dokar 1931 ta ce wanda ya yi mako 26 ya na karɓar taimako, ba za a ci gaba da ba shi ba sai an binciki abin hannunsa. Mai bincike ya kan shiga gida ya ƙidaya kujeru, ya tambayi abin da ɗa ko 'ya ke samu, a cire daga na uban. Samari da yawa su ka bar gidajen iyayensu don kada albashinsu ya jawo a yanke wa tsoho nasa. A kudancin Wales, da bakin kogin Tyne, da na Clyde, inda kwal da ƙarfe da ƙera jirage ne abincin mutane, aiki bai dawo ba. A garin Jarrow, bayan an rufe ma'aikatar ƙera jirage, mutum biyu cikin uku na ma'aikata ba su da aiki a 1934. Kuɗin da Gwamnati ta fara warewa a shekarar nan domin dukan irin waɗannan yankuna fam miliyan 2 ne kacal. A watan Oktoba na 1936 mutum 200 na Jarrow su ka taka da ƙafa zuwa Landan, tafiyar kusan mil 300, ɗauke da takardar roƙon a kawo musu aiki. Wakiliyarsu Ellen Wilkinson ta miƙa takardar a Majalisa, Waziri Baldwin bai yarda ya gan su ba. Da su ka koma gida su ka tarar an yanke musu kuɗin taimako na kwanakin tafiyar, bisa hujjar cewa da aiki ya samu a lokacin, da ba a same su ba.

Chamberlain ya bar Baitulmali a watan Mayu na 1937 ya zama Babban Waziri. Kafin ya tashi, barazanar Jamus ta sa ya mai da harajin samu sule 4 da nai a 1936, sa'an nan sule 5 a 1937, daidai inda Snowden ya ajiye shi. A farkon 1937 kuma ya nemi Majalisa ta ba shi iznin ranto fam miliyan 400 cikin shekara biyar domin sayen makamai, ta ba shi. Da kuɗin nan ne ma'aikatun ƙarfe da na ƙera jirage na arewa su ka fara ɗaukar mutane, sauran marasa aikin kuwa ba su ƙare ba sai da yaƙi ya yi nisa.